Yadda Ake Kimanta Man da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Manomi yakan tsaya a bakin gonarsa tun kafin girbi, ya dubi zangarniya, ya ce bana zai sami dami hamsin. Masu neman man fetur ma sukan yi irin wannan kimantawa. Amma nasu aikin ya fi wuya, gama abin da suke aunawa yana can ƙarƙashin ƙasa, ba mai ganinsa.

Mai ba kwance yake kamar ruwan tafki ba. Yana ɓoye ne cikin 'yan ƙananan kafofi na dutse. In an cika kwano da yashi, aka zuba ruwa, sai ruwan ya nutse, ya shige tsakanin ƙwayoyin yashin. Akwai dutse mai irin wannan hali a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Masana sun raɗa wa shimfiɗarsa sunan garin Taloka. Ruwa yake riƙewa, ana kuwa samunsa in an haƙa rijiyar burtsatse. Har yanzu ba a fara haƙo mai a ƙasar Sakkwato ba, amma a irin wannan dutse ne mai yakan taru a wasu wurare.

To, in an sami mai, tambayoyi huɗu ake yi. Ta fari, ina girman dutsen? Sai a girgiza ƙasa da na'ura, ƙarar ta nutsa ta komo kamar amsa-kuwwa, ta nuna faɗinsa. Rijiyoyin gwaji kuma su nuna kaurinsa. Ta biyu, nawa ne kafofi a cikinsa? Sai a ciro guntun dutsen, dogo kamar rake, a auna shi. Ta uku, nawa ne mai a kafofin, nawa ne ruwa? Ta huɗu, nawa zai yarda ya fito?

Ga misali. A ce dutse mudu 100 ne, kafofinsa mudu 20. In ruwa ya cika rubu'in kafofin, watau mudu 5, saura mudu 15 na mai. Mai kuwa yana manne wa dutse ƙwarai, galibi wajen sulusinsa kaɗai ake iya fitarwa. Ashe mudu 5 ne zai kai kasuwa. Da ganga ake ƙidaya mai, kowace ganga tana cin lita 159.

A shekarar 1956 aka sami mai a Oloibiri, can kudancin Nijeriya, amma sai a 1958 aka fara kai shi ƙasashen waje. A 2019 aka ba da labarin samunsa a Kolmani, tsakanin Bauci da Gwambe. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce man wurin ya haura ganga biliyan ɗaya. Wannan adadi kimantawa ce, kowace sabuwar rijiya tana iya ƙara shi ko ta rage shi.

Saboda haka masana sukan ba da adadi uku: ƙarami, da matsakaici, da babba. Haƙa rijiya da shimfiɗa bututu suna cin kuɗi masu ɗimbin yawa. In aka dogara ga babban adadi, man kuwa ya gaza, dukiyar jama'a ta salwanta. Mai hankali bisa ƙaramin yake yin shirinsa, kamar manomin da ba ya cin bashi a kan damin da bai shiga rumbu ba.