Buɗe But Ba Ya Hana Bam Tashi

Makon jiya wani saƙon murya ya zaga wayoyin mutanen Unguwar Mu'azu da ke Kaduna, wai an ga wata mota mai baƙin gilashi ta shigo gari maƙare da bama-bamai. Babu sunan mai magana, babu ranar da aka naɗa, ba mamaki ma tsohon saƙo ne aka tono. Amma ya ta da musu a majalisu: a koma tare hanya ranar Juma'a kamar shekarun baya, ko a bar masu motoci su ci gaba da ajiyewa a gindin katangar masallaci?

Abin da ya sosa min rai shi ne maganar da na ji a teburin mai shayi: "Ai ba komai, akwai masu bincike a ƙofa." Na san masu binciken nan. Yaro ne ɗan agaji sanye da kaki, riƙe da baƙar sandar nan mai ƙara. Sai ya ce, "Alhaji, a buɗe mana but." Alhaji ya buɗe daga zaune, yaro ya leƙa ya ga safaya da jarka da darduma, ya shafa sandar a jikin ƙofa, ta yi kuka, ya sassauta igiya. To ita sandar ƙarfe take ji, don wuƙa ko bindiga a aljihun mutum aka ƙera ta. Shafa ta a jikin mota tamkar taɓa kifi ne don a ji ko da danshi. Ba mu kaɗai muka taɓa dogara da abin banza ba. Gwamnatin Iraƙi ta zuba miliyoyin daloli a wata na'ura mai eriya, ADE 651, wadda daga baya aka gano fanko ce. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure mai sayar da ita, James McCormick, shekara goma, amma ba a janye ta daga shingayen Bagadaza ba sai da bam ɗin Karrada ya ci mutum sama da 300 a Yulin 2016.

Abin da ke kare rai daga motar bam shi ne tazara. Fashewa iska ce da aka matse, ta ƙwace lokaci guda tana ture duk abin da ta tarar, ɗauke da ɓaraguzan ƙarfe da gilashi. Kuma ba gaba kaɗai take nufa ba, sama da gefe duk tana bazuwa, shi ya sa ƙarfinta ke zubewa da wuri. Ɗauki turaren wuta: kaskon da ya cika ɗan ƙaramin ɗaki da hayaƙi, in aka ninka tsawon ɗakin da faɗinsa da bisansa, sai an kawo kasko takwas kafin ya cika kamar da. Kusan haka lissafin yake a nan ma: in ka ninka nisan da ke tsakaninka da motar, sai maharin ya ninka kayansa sau takwas kafin bugun iskar ya iso maka da ƙarfin farko. Cokalin yajin da ya sa ka hawaye a kwanon miya, zuba shi a tukunyar biki ka ji. Wanda ke gindin lasifika kunnensa ke zafi, na sahun baya karatu kawai yake ji. Ɓaraguzai kam sun fi iskar nisan tafiya, don haka jikin taga ba wurin tsayawa ba ne. Taku hamsin da Alhaji ke ƙyashin yi daga mota zuwa sahu sun fi sanda goma amfani.

Kaduna ta ga wannan da idonta a 2012. Ranar Ista, 8 ga Afrilu, masu tsaro sun hana wata mota kusantar coci, sai ta tashi a titin Junction, cikin 'yan acaɓa da masu shayi, ta kashe mutum sama da 30. Shinge ya ceci na ciki, amma babu wanda ya yi tunanin na bakin titi. Ranar 28 ga Oktoba a cocin St. Rita da ke Malali, an hana maharin shiga ta ƙofa, sai ya afka ta katanga da jif. Bulo da siminti suna tsare akuya da ɓarawon takalmi, ba sa tsayar da motar da ta kwaso gudu. Haka aka yi a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja ranar 26 ga Agustan 2011, motar ta ture ƙofar ƙarfe ta kai har jikin gini. Wannan ne dalilin jera duro cike da kankare a karkace, don direba ya rage gudu dole tun daga nesa. Ko a yaƙin Mosul na 2016 zuwa 2017, inda 'yan ISIS ke lulluɓe motocinsu da farantan ƙarfe, sojojin Iraƙi katafila suka riƙa sawa tana tara ƙasa a bakin layuka, su kuma suna harbin motar da roka tun kafin ta iso.

Sai dai shingen da aka kafa ba lissafi shi ma tarko ne. Duk wanda ya bi hanyar bayan gari ta Nnamdi Azikiwe a Kaduna a zamanin tashin bama-bamai ya tuna layin motoci da tireloli da tankokin mai, masu talla na ratsawa a tsakani. Taron da mahari ke nema ke nan, an tara masa kyauta. In kuma gaisuwar hannu ce ke buɗe shingen, ai ba na jin mai ɗauke da bam zai gaza biya. Mafi yawan motocin da aka kama lafiya ma, a iya fahimtata, labari ne ya riga su isa, daga maƙwabci ko mai gidan haya da ya ga abin da hankalinsa bai kwanta da shi ba.

Namu laifin kuwa son kallo ne. A Jaji, ranar 25 ga Nuwambar 2012, mota ta biyu ta tashi ne bayan mutane sun taru a kan ta farko. A kasuwar Terminus ta Jos, ranar 20 ga Mayun 2014, haka aka sake yi, aka rasa aƙalla mutum 118. Yau ko taya ce ta fashe, kafin ƙura ta lafa matasa sun iso da wayoyi a sama.

Juma'ar da ta wuce an ja igiya, an gitta benci biyu a bakin layi, mai Golf da mai Keke Napep suka ajiye can nesa suka tako. Ana gab da tayar da salla wata baƙar jif ta iso, direba ya danna hon sau biyu. Ɗan agaji ya dubi liman ta taga, ya dubi jif, ya ja benci gefe.