Minti 60 na Yaro: Sanin Iyaye da Makomar Wasa a Gaya da Ajingi

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun aƙalla minti 60 a kullum yana motsa jiki har numfashinsa ya ɗaga. Shekara guda kafin nan, wani bincikenta ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan adadi, kuma 'yan mata ne suka fi baya, da kashi 85.

Manomi a ƙauyukan Ajingi zai yi dariya idan aka karanta masa wannan, kuma yana da gaskiyarsa. Ɗansa yana kiwo, yana noma, yana taka sayyada zuwa makaranta. 'Yarsa tana ɗebo ruwa, tana surfe. Iyaye ba su taɓa buƙatar sanin ƙa'ida ba, domin rayuwa ce ke cika ta.

A cikin garin Gaya kuwa lissafin ya fara sauyawa. Injin niƙa ya rage daka, babur ya rage tafiyar ƙafa. Yaro ya taso daga boko, ya ci abinci, ya wuce Islamiyya, da dare ya zauna gidan kallon ƙwallo ko ya duƙufa kan wayar yayansa. Dandalin da ake langa da kokawa da gaɗa a farin wata ya yi sanyi, wani wurin an yanka shi filoti, wani wurin tsoron lalacewar tarbiyya ya rufe shi. Aikin da ke motsa jiki ya ragu, wasan da zai maye gurbinsa kuma ana masa kallon shiririta.

A nan ne sanin iyaye ke da tasiri, amma ba shi kaɗai ba. Uban da ya ji cewa guje-guje na ƙarfafa ƙashi da zuciya, yana kuma taimaka wa karatu, zai fi saurin barin ɗansa ya buga ƙwallo bayan la'asar. Sai dai da wuya ilimin nan ya fitar da 'yarsa mai shekara 13 waje, domin abin da ke tsare ta shi ne “me mutane za su ce?” Ita sai an samar mata fili mai katanga da malama mace, a makarantar boko ko ta Islamiyya.

Wurin isar da saƙon a bayyane yake: ranar awo da rigakafi inda mata ke taruwa, taron iyaye da malamai, da bakin limamai da masu unguwanni. Shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi kuma su hana a yanka filayen wasa na makarantun firamare.