Jinin ƙadangare: oksijin nawa yake iya ɗauka?

Ƙadangare ba ya dogon gudu. Zai falla da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, sai ya tsaya cak yana haki. Wani ɓangare na dalilin yana cikin jininsa.

A jikinmu da nasa, abin da ke dakon iskar oksijin shi ne himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowane giram ɗaya na himogulobin yana riƙe kimanin mililita 1.34 na oksijin. Baligi mai lafiya yana da wajen giram 15 a cikin mililita 100 na jini, ka ga lissafin ya ba mu kusan mililita 20 ke nan. Yawancin ƙadangaru kuwa abin da jininsu ke ɗauka bai wuce kusan rabin haka ba. Ƙwayoyin jininsu sun fi namu girma, amma ba su kai namu yawa ba, kuma kowace tana ɗauke da cibiyar ƙwayar halitta a cikinta, wadda tamu ta yar don himogulobin ya samu wuri.

To, rabi ya ishe shi? A zaune, ƙwarai kuwa. Ƙadangare ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa, rana ce ke yi masa wannan aikin. Shi ya sa buƙatarsa ta oksijin a lokacin hutu ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinsa ke sha ba. Matsalar sai an zo gudu. Nan take tsoka ke koma wa hanyar samar da ƙarfi ba tare da oksijin ba, sinadarin laktik ya taru, gajiya ta kama shi. Tsayawar nan da yake yi, bashi yake biya.

Adadin ma ba a tsaye yake ba. A 1976 masani Harvey Pough ya nuna cewa yawan oksijin da jinin dabbobi masu jan ciki ke ɗauka yana canzawa da zafi, kuma ya fi yawa a kusa da zafin da dabbar ta fi so jikinta ya kasance. Wato jangwadan da ke shan hantsi a kan katanga ba lalaci yake yi ba.

Damo shi ne abin mamaki. Jininsa bai wani fi na 'yan'uwansa ɗaukar oksijin ba, amma ya fi su juriya nesa ba kusa ba. Zuciyarsa ta fi iya raba jini mai oksijin da marar shi, huhunsa ya fi faɗin wurin musayar iska. Sannan ƙadangaru na shan wahalar numfashi a guje, domin tsokokin haƙarƙarin da ke lanƙwasa jiki su ne ke jawo iska. Binciken da aka buga a mujallar Science a 1999, a kan irin damon da ke dajinmu, ya gano yana amfani da maƙogwaronsa kamar zugazugi, yana tura iska cikin huhu yana tafe.