Koyar da Darasin Kare Ƙarfe daga Tsatsa da Sinadarin Fosfet: Misali daga Gombe

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin Gombe kamar Jekadafari da Pantami da Tudun Wada zai ga rumfunan masu walda a gefen titi, suna ƙera ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 gine-gine suka yawaita, buƙatar kayan ƙarfe ta ƙaru. Sai dai sau da yawa ƙofar da aka yi wa fenti mai sheƙi ba ta wuce damina biyu ko uku sai a ga fentin ya kumbura, tsatsa ta ɓullo daga ƙarƙashinsa. Mai gida ya yi asarar kuɗi, maƙerin kuma ya yi asarar suna. A wannan maƙala za mu yi bayanin ɗaya daga cikin hanyoyin magance matsalar, wato amfani da sinadarin fosfet, sannan mu duba yadda ya kamata a koyar da darasin da Hausa.

Yadda tsatsa take samuwa

Tsatsa tana samuwa ne idan baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci guda. Gishiri da datti suna ƙara mata sauri. A Gombe damina takan kama daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sannan ƙurar hunturu ta kwanta a kan ƙarfe ta riƙe laima. Fenti kariya ne, amma ba ya kama ƙarfe mai santsi ko mai maiƙo da kyau. Da zarar ya tsage a wuri guda, sai ruwa ya shiga, tsatsa ta riƙa rarrafe a ƙarƙashi tana ɗaga shi.

Abin da fosfet yake yi

Ana tsoma ƙarfen da aka tsabtace cikin ruwan da ke ɗauke da asid ɗin fosforik mai rauni da gishirin fosfet, ko a fesa masa shi. Asid ɗin yakan ci fuskar ƙarfen kaɗan, iskar haidurojin ta fita. Wannan cin yana rage ƙarfin asid a daidai fuskar ƙarfen, sai ƙananan ƙwayoyin fosfet waɗanda ba sa narkewa a ruwa su tsiro a wurin, su manne. Sakamakon shi ne wani siririn ɓawo mai launin toka ko baƙi, mai ƙananan ramuka. Waɗannan ramuka su ne suke riƙe fenti ko mai, kuma ɓawon yana hana tsatsa bazuwa idan fentin ya karce.

Nau'o'in da aka fi amfani da su uku ne. Na baƙin ƙarfe shi ne mafi siranta, ana yi wa kayan cikin gida kamar kabad da kujeru. Na tutiya ya fi kauri da juriya, shi ake yi wa jikin mota kafin fenti. Na manganis kuwa ya fi dacewa da sassan inji masu gogayya da juna, saboda yana shan mai.

Hanyar ta daɗe. Thomas Coslett na birnin Bamingam a Ingila ya yi rajistar fasaharsa a 1906, sannan aka kafa kamfanin Parker a Detroit ta Amurka a 1915, wanda ya yaɗa ta a masana'antu.

Matsalar kalmomi

A nan ne aikin mai tsara manhaja yake. Idan malami ya ce “shafa fosfet”, ɗalibi zai ɗauka wani irin fenti ne, domin a Hausa abin da aka shafa yana zaune ne a sama, ana iya goge shi. Amma ɓawon fosfet daga jikin ƙarfen yake tsirowa. Saboda haka muke ba da shawarar a ce “jiƙa ƙarfe da fosfet” ga aikin, a ce “ɓawon fosfet” ga sakamakon. Misalin da zai taimaka shi ne bambancin lalle da hoda: hoda tana kwanciya a kan fata, lalle kuwa kama fata yake yi. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa maiƙo yake ɓata aikin, tunda ya shiga tsakanin ƙarfe da asid.

Ruɗani na biyu shi ne tsakanin wannan aiki da lulluɓe ƙarfe da tutiya, irin na kwanon rufi. A kwano, tutiyar ce take lalacewa a madadin ƙarfen, don haka tana kare shi ita kaɗai. Ɓawon fosfet kuwa ba ya wadatarwa sai an bi shi da fenti ko mai. Na uku, kalmar “asid” takan kai hankalin yara ga ruwan batir. Wajibi ne a bayyana cewa ruwan batir wani asid ne daban, mai ƙuna, wanda ba ya haifar da wannan ɓawo. Abin da ɗalibi zai iya danganta fosfet da shi shi ne takin zamani na sufa da manoman yankin suka sani, domin asalinsu ɗaya, wato dutsen fosfet irin wanda ake samu a ƙasar Sakkwato da Tawa ta Nijar.

Gwaji a aji

Malami zai yanko ƙarfe uku masu girma ɗaya. Na farko a yi masa fenti yadda yake. Na biyu a goge shi da samfefa, a wanke maiƙonsa, sannan a yi fenti. Na uku a goge, a wanke, a jiƙa shi da maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik bisa umarnin da ke jikin gwangwaninsa, a bari ya bushe, sannan a yi fenti. A karce kowanne da ƙusa, a riƙa yayyafa musu ruwan gishiri kullum, ɗalibai suna rubuta abin da suka gani da Hausa har tsawon mako huɗu. Dole a sa safar hannu da tabarau, a yi aikin a fili, kuma kada a zubar da ragowar ruwan a kwata.

Kammalawa

Gombe tana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha), wadda take horar da malaman da za su koyar da aikin ƙarfe, ga kuma ɗimbin yara masu koyon walda waɗanda da Hausa ake koya musu sana'ar. Muna ganin ya dace a sanya wannan darasi cikin manhajar kimiyya da fasaha ta ƙaramar sakandare, a kuma gwada kalmomin da muka kawo a gaban malamai da masu walda kafin a tabbatar da su. Kalmar da maƙeri bai karɓa ba, da wuya ta zauna a bakin ɗalibi.