Tutar ƙasa: wa zai ɗumka ta?

Ran 23 ga Nuwamba 1959 ne Nijar ta zaɓi tutarta: ruwan goro, fari da tsanwa, da rana a tsakiya. Ita ke kaɗawa bisa ofisoshin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela. Iska da rana na cinye ƙyallen, tilas a sake saye da kuɗin baitulmali.

A 2024 Amurka ta kafa doka: tutar da gwamnatin tarayya za ta saya, a ƙasar za a saƙa ta, a ɗumka ta.

Manoman Ƙwanni sun san noman kaɗa, ga maɗumka cike da kasuwa. In simintin Malbaza ya gina ofis, ya kamata tutar da ke bisansa ta fito daga hannun ƴan ƙasa, kuɗin su tsaya gida.