RAINON 'YA'YAN MA'AIKATA A GIDA: TUN RAN GINI RAN ZANE

A wannan mako zancenmu yana kan wata sana'a wadda mace za ta yi tana cikin ɗakinta, watau rainon 'ya'yan matan da ke fita aiki. Malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti da mai aikin ofis, kowacce tana neman hannun da za ta danƙa wa ɗanta da safe. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, ko da yake wasu wuraren aiki sukan ƙara. Kin ga ashe jaririn da za a kawo miki yana iya zama ɗanye sharaf, bai daɗe da yin arba'in ba. Sana'a ce mai albarka, amma fa ki sani amana ce, domin abin da aka ajiye a wurinki rai ne.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a unguwarmu. Wata maƙwabciyata, mace mai kirki, ta karɓi rainon jaririn wata malamar firamare. Ran nan uwar ta makara, madarar da ta bari ta ƙare, yaro ya yi ta tsala kuka. Da yake ita ma tana da goyon 'ya mace, sai tausayi ya kama ta, ta ba shi nono. Da uwar ta zo ta gaya mata cikin raha, sai ta ga fuska ta sauya. Uwar ta ce, "Haba Yaya, ai da kin aiko an tambaye ni." Ita kuwa ta ce, "Yo ni ina na san laifi ne, yaro yana kukan yunwa?" Magana ta kai kunnen maza, har sai da aka je gaban malamin unguwa. Ba wadda ta yi mugun nufi a cikinsu, amma zumuncin shekaru ya yi sanyi. Abin da ya jawo haka shi ne ba su zauna tun farko sun yanke abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba.

Sabo da haka kafin ki karɓi ɗan kowa, fara da gidanki. Ki nemi yardar mai gida, ki shawarci abokan zama idan kuna da yawa, domin kukan yara da shige da ficen iyaye zai shafi kowa. Ki sanar da mai unguwa. Sa'an nan ki san cewa hukuma ma tana da ta cewa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi yin rajista ga masu rainon ƙananan yara don a biya su, kuma jihohi suna da nasu tsarin. Ki je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku ki tambayi yadda ake yi a jiharku.

Bayan wannan sai ki sayi littafin rubutu guda, ki ware wa kowane yaro shafinsa. Ranar da za a fara kawo shi, ku zauna da uwar, in da hali har da uban, a rubuta sharuɗɗa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, su ma su tafi da nasu kofe. Da boko ne ko da ajami, duk ɗaya ne. Ga abubuwan da ya kamata su shiga.

Na farko, wa zai zo ɗaukar yaro? A rubuta sunayen mutum biyu ko uku, a kawo su ki gan su ido da ido. Duk wanda ba ya cikinsu, ko da ya ce shi kawun yaron ne, ko da yaron ya ruga ya rungume shi, ki ba shi haƙuri har sai kin ji daga bakin iyayen. Kada kunya ta cuce ki. Ba mu manta da yaran nan tara na Kano ba, waɗanda aka sace, 'yan sanda suka gano su a Jihar Anambra a 2019. Idan kuwa iyayen sun rabu, ki tambayi a hannun wa riƙon yaron yake, don kada a mai da ƙofar gidanki filin rigima.

Na biyu, lafiyarsa. Ki duba katin allurar rigakafinsa. Ki tambaya ko yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, ko akwai abincin da jikinsa ba ya so. Dokarki ita ce ba ki ba yaro magani sai wanda iyayensa suka kawo, suka rubuta yawansa da lokacinsa. Kada ki ba shi ragowar maganin ɗanki, kada ki ba shi asfirin domin yana da haɗari ga yara, kada kuma ki ɗura masa maganin mura don ya yi barci ki huta. Jiƙo da tsimi da turare, su ma sai da izini, domin abin da gidanku ya saba da shi wani gidan bai yarda da shi ba. Zancen kiran wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga kuwa, wannan ba hurumin mai raino ba ne ko kusa.

Na uku, kuma shi ne mafi girma, izinin kai yaro asibiti. Ki karɓi lambar wayar uwa da ta uba da ta wani dangi na kusa, a rubuta asibitin da suke so, a kuma rubuta ƙarara cewa idan abu ya taso ba a same su ba, kina da ikon ɗaukarsa ki tafi, kuɗin yana wuyansu. Zazzaɓi mai zafi, jijjiga, numfashi sama-sama, gudawa da amai ba tsayawa, ko yaro ya ƙi shan kome, waɗannan ba sa jiran a tashi daga aiki. Idan jijjiga ce, ki kwantar da shi ta gefensa, kada ki cusa masa cokali a baki, kada ki ɗura masa kome. Idan gudawa ce, ki nemi yardarsu tun yau a kan ruwan gishiri da sukari. In babu na ƙunshi, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce ana zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kuna hanyar asibiti.

Na huɗu, ci da sha. Likitoci sun ce jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba koko. Idan uwar tana bin wannan, kada ki karya mata don kin ga ana zafi. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba. Sai mu koma kan labarin maƙwabciyata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon da ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na farko, ko sau ɗaya ne, ya mai da ke uwarsa ta shayarwa, 'ya'yanki kuma 'yan'uwansa, babu aure a tsakaninsu har abada. Abu mai nauyi haka ba a yinsa sai da sanin iyayen yaron da na mijinki, kuma in an yi a rubuta, a shaida wa dangi.

Na biyar, fita da hoto da horo. Kina iya goya shi zuwa gidan suna ko kasuwa? Ana iya ɗora shi a kan babur? Ki tambaya. Kada ki ɗauki hotonsa ki watsa a WhatsApp ko Facebook don tallar sana'arki sai sun yarda. Duka kuwa ki ajiye shi gaba ɗaya. In yaro ya yi ƙiriniya, ki gaya wa uwarsa da yamma.

Na shida, kuɗi da lokaci. A faɗi ƙarfe nawa ake kawowa, ƙarfe nawa ake ɗauka, nawa ne a wata, wace rana ake biya, da abin da za a ƙara in an makara. A faɗi wa zai kawo abinci da sabulu da kayan sauyawa. Ki kuma gaya musu cewa yaron da ya tashi da ƙyanda ko ƙarambau ko gudawa zai zauna gida har ya warke, domin kare sauran. Wadda ta ji haushin wannan yau, gobe ita za ta gode miki.

Ke ma akwai alkawarin da za ki ɗauka. Ki rufe rijiya da randa, ki kange murhu, ki ɗaga kananzir da maganin ɓera sama, kada ki zuba su a kwalbar lemo. Jariri a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro. Kada kwaɗayin kuɗi ya sa ki tara yaran da suka fi ƙarfin idonki, musamman jarirai.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ga inda iliminku zai yi rana. Idan Inna ba ta rubutu, ke ce magatakardarta: ki rubuta mata sharuɗɗan, ki karanta wa kowa ya ji. Amma kada a hana ki zuwa makaranta don raino, kada kuma a bar ki ke kaɗai da jariran mutane.

Wata za ta ce, "Ni da 'yar'uwata sai na kafa mata sharaɗi, har da sa hannu?" I, 'yar'uwa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Uwar da ta ga kin fito da littafi kina tambayarta ɗaya bayan ɗaya, hankalinta zai fi kwanciya, ta kuma gaya wa abokan aikinta. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa.