Ɗanki zai bar talla ya koma harkar wasanni? Ki fara duba lissafin

Uwargida, idan ɗanki mai yawon tallar kayan kamfani tsakanin kasuwar Kebbe da ta Tambuwal ya zo ya ce ya gaji, harkar wasanni zai koma, kada ki yi saurin ɗora hannu a ka. Ba lallai ne ƙwallo zai buga ba. A bayan kowane wasa akwai mai sayar da riguna da takalma, da mai gidan kallo, da mai nemo wa ƙungiya masu ɗaukar nauyi. Duk ciniki ne, kuma yaron da ya iya shawo kan mai shago ya karɓi kwali goma ya riga ya san rabin aikin.

Abin dubawa shi ne yaushe kuɗin ke shigowa. Ɗauki gidan kallo, wanda ya fi sauƙin buɗewa a garuruwanmu. Gasar Firimiya ta Ingila tana farawa a Agusta, ta ƙare a Mayu. Yuni da Yuli sai benci wayam, in ba shekarar Kofin Duniya ba ce, ga shi samari duk suna gona. Kuɗin haya kuwa ba ya hutu. In kaka ta dawo, ga kuɗin DStv duk wata, ga man janareta da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a 2023. Shi ya sa masu dabara ke haɗawa da cajin waya da lemo mai sanyi, wasu su kafa sola.

Aikin albashi a fannin kaɗan ne, kuma a birni yake: irin su Sokoto United a filin Giginya, ko cibiyar wasanni da Ahmed Musa ya buɗe a Kano a 2017. Daga Kebbe wannan ƙaura ce, ki sa ta a lissafi.

Inda ba na sassauci shi ne cacar ƙwallo. Masu ita sukan nemi mai gidan kallo ya zama wakilinsu, kamashon kuma da zaƙi. Mu ma'aikatan jinya mun san yadda bashin ɗa ke tayar da hawan jinin uwa. Ki tambaye shi ƙarara ko tana cikin shirinsa.

Ki lallashe shi ya riƙe aikinsa, ya gwada kaka ɗaya a ranakun Asabar da Lahadi, yana rubuta shiga da fita a littafi. In Mayu ta yi, ku zauna ku duba littafin tare kafin a taɓa kuɗin adashinki.